Itacen da Yake da Mai Shi Ba Ya Tsoron Gatari

A sababbin unguwannin da ake yankawa a bayan garin Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, aikin farko da mai fili yake sawa a yi masa, tun kafin a sauke yashi da bulo, shi ne a sare duk itacen da ke tsaye a wurin. Ɗorawar da ta shekara sittin tana ciyar da iyalin manomin da ya sayar da gonar, a wuni ɗaya injin zarto yake kwantar da ita. Idan gini ya tashi sai a rufa shi da kwano, a malale tsakar gida da siminti ko a shimfiɗa intalok daga bango zuwa bango. Watan Afrilu na kamawa, zafi ya haura digiri 40, sai gidan ya ƙi zaunuwa tun daga hantsi har bayan isha'i, domin bangon da ya sha rana duk yini da dare yake amayar da zafinsa. A cikin wannan gida ne kuma uwargida take aiken yaro bakin titi ya sayo faskaren da aka saro ɗanye daga wani daji mai nisa, ta durƙusa tana fifita shi, idanunta na zubar da hawaye. An saba ɗaukar rashin inuwa da mugun icen girki a matsayin matsaloli biyu da ba su haɗa hanya ba. A ganina tushensu ɗaya ne: mun fitar da itace daga cikin gida, mun mayar da shi kayan daji wanda ba na kowa ba. Itacen da ba shi da mai shi kuwa, ɗanye ake sare shi, daga gindi ake kayar da shi, kuma ba wanda yake dasa wani a gurbinsa.

Garuruwanmu na da ba haka aka gina su ba, kuma sunayen unguwanni sun ishe mu shaida. A Kano akwai Durumin Iya da Tsamiyar Boka da Kurna da Giginyu da Ɗorayi, a Kaduna akwai Unguwar Rimi, rimayen Zariya kuwa har kirari ake yi musu. Mutane sun zauna a kusa da itace, suka san shi, suka yi kwatance da shi. Kowanne kuma da aikin da aka ajiye shi domin ya yi. Kuka ta miya ce, tsamiya ta kunu, ɗorawa ta kalwa da gari da makuba, kaɗanya ta mai, bagaruwa ta majema, giginya ta azara, durumi da ceɗiya na ƙofar gida inda dattawa suke shimfiɗa buzu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne waɗannan itatuwa dukiya ce da aka san mai ita. A ƙasar Hausa ana gādon ɗorawa kamar yadda ake gādon gona, har ma akan samu gona ta wani, ɗorawar da ke cikinta ta wani. Ba wanda zai ɗauki gatari ya doshi irin wannan itace ba tare da ya shirya amsa tambaya a gaban mai gari ba. Shi kansa mai itacen ba ya kayar da shi, domin ya san abin da zai rasa. Rassa yake saukewa idan sun yi yawa ko sun bushe, ya kai gida a yi girki, itacen ya sake toho.

Duk da haka, shekara hamsin ke nan ana ɗora wa mai girki laifin gurgusowar hamada. Bayan farin da ya addabi yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974, hankalin duniya ya koma kan murhu. A 1975 wani marubuci Ba'amurke, Erik Eckholm, ya fitar da rahoton da ya kira icen girki ɗaya rikicin makamashin da duniya ba ta lura da shi ba, kuma daga nan ƙwararru suka riƙa lissafi iri ɗaya: ga yawan mutane, ga abin da kowa yake ƙonawa, ga abin da daji yake haifarwa, saboda haka nan da shekaru kaɗan kewayen manyan birane zai zama fako. Kano, wadda karkararta tana cikin mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, ita ce wurin da ya kamata wannan lissafi ya fara tabbata. Sai Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole da abokan aikinsu na Jami'ar Bayero suka shiga gonaki suka ƙirga itatuwa, suka kwatanta da hotunan sama na shekarun baya, suka buga sakamakon a 1990. Abin da suka gano ya saɓa wa hasashen: a gonakin da ke kewaye da Kano, inda mutane suka fi yawa, itatuwa ba su ƙare ba, manoma suna riƙe da su, suna sauke rassa suna barin gindi. Kada a ɗauka cewa binciken ya wanke birnin. Ya nuna cewa motocin ice suna ƙetare waɗannan gonaki su tafi nesa, can dazuzzukan kudu inda jama'a ba su da yawa, su yi lodi. To, a nan hujjar take. Buƙatar ice ɗaya ce, gatarin ɗaya ne, amma itacen gona ya tsira, na daji ya tafi. Bambancinsu kawai shi ne ɗaya yana da wanda zai tsaya masa.

Abin da ya faru a kudancin Nijar ya ƙara fito da wannan fili. A can dokar gandun daji ta daɗe tana ɗaukar itatuwa masu daraja a matsayin na gwamnati, ko da a gonar mutum suke, har malamin daji yana iya cin tarar manomin da ya sauke reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa. Sakamakon haka manomi ya riƙa tumɓuke duk tohon da ya gani tun yana ƙarami, domin itacen da ba naka ba rigima kawai zai jawo maka. An kashe kuɗi masu yawa wajen renon dashe, mafi yawansa ya mutu. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake ɗauka ciyayi ne a gonaki tohon kututtura ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Idan aka zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin shekaru kaɗan sai su zama itace. Wannan dabara da manoman yankin suke kira sassaben zamani ta bazu daga gona zuwa gona bayan yunwar 1984, kuma ta ƙara ƙarfi lokacin da hannun malaman daji ya yi sauƙi, sannan dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya rena. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewayensu, da itatuwa wajen miliyan 200. Matan waɗannan ƙauyuka ba su daina girki da ice ba ko na rana ɗaya. Abin da ya sauya shi ne icen ya dawo kusa, daga rassan da aka datse a gonar gida, maimakon tafiyar rabin yini da gammo a ka.

Idan an yarda cewa girki da rayuwar itace suna iya zama tare, sai a juya ga tambayar da uwargida ta fi kowa sanin amsarta: wane ice ne na kirki? Masu sayar da faskare ba sa haɗa kirya da sauran itatuwa a kuɗi ɗaya, kuma suna da dalili. Kirya tana da nauyi da tauri, tana ci a hankali, garwashinta yana daɗewa, shi ya sa maƙera suke neman gawayinta, masassaƙa kuma suke yin turmi da ita. Marke yana biye da ita. Wutarsa tana da zafi, ba ta da hayaƙi sosai, kuma wannan kyau nasa ne ya sa ya yi ƙaranci a wurare da dama. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, icenta yana ci lafiya lau da ɗan hayaƙi kaɗan. Bagaruwa da tsamiya da kaɗanya da magarya duk suna cikin masu riƙe wuta. Sabara da geza da kalgo ƙanana ne, amma su ne kiraren da suke tayar da wuta da sauri, kuma su ne suka fi saurin toho bayan an datse su. A ɗaya gefen akwai kuka, wadda cikinta ɓawo-ɓawo ne mai ruwa, ba ta da abin da za ta ba murhu. Akwai rimi da ceɗiya da ɓaure masu sauƙin nauyi, da suke ci kamar kara su bar toka. Akwai tumfafiya da ba a komawa gare ta sai an rasa komai. Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne. Idan aka auna da kilo, busasshen ice kowane iri ne zafin da yake bayarwa bai nisanci na ɗan'uwansa ba. Amma mu da dami muke saye, ba da kilo ba, kuma damin kirya ya ninka damin rimi nauyi, saboda haka ya ninka shi wuta. Wanda ya sayi babban dami mara nauyi yana murnar araha, iska ya saya.

Sai dai akwai abin da ya fi irin itacen muhimmanci, wato bushewarsa. Icen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kafin ya kama da kyau sai wutar ta fara tafasa wannan ruwa ta kore shi, kuma duk zafin da ya tafi a nan bai isa gindin tukunya ba. Kilo ɗaya na ɗanyen ice yana ba da kimanin rabin zafin da kilo ɗaya na busasshe yake bayarwa. Bayan asarar zafi akwai wadda ta fi ta muni: ruwan yana sanyaya wutar, ita kuma wuta mai sanyi ba ta cinye abin da ke fita daga icen, sai ya tashi a matsayin hayaƙi mai kauri, ya baƙanta tukunya da rufin madafa, ya shiga ƙirjin mai girki da na jaririn da ke goye a bayanta. Masana suna cewa ice ya isa shiga murhu idan ruwan da ke cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ba a buƙatar na'ura kafin a gane haka. Busasshen faskare yana tsattsagewa a bakinsa, ɓawonsa yana saki, idan aka gwara biyu sai su yi ƙara mai kaifi; ɗanye kuwa shiru yake yi, kuma a cikin wuta za a ji yana tsuwa, kumfa na fita ta ƙarshensa. Kirya ɗanya ba ta kai busasshiyar darbejiya amfani ba. Ga kuma inda matsalar saye take: ɗan kasuwar da ya biya kuɗin sara da kuɗin mota da na 'yan faskare ba zai iya ajiye jarinsa wata uku yana jiran ya bushe ba, mai sayen na naira kaɗan kullum ita ma ba ta da halin ajiya. Ɗanyen ice ya zama dole a tsakaninsu. Saboda ƙin kamawarsa ne ake cusa leda da guntun roba da tsohon silifa a murhu, ko a tsinto katakon da aka shafa wa fenti da maganin gara, waɗanda hayaƙinsu guba ne tsantsa.

Mai itace a gidansa shi kaɗai ne ya kuɓuta daga wannan tarko, domin shi yake zaɓar ranar sara. Idan ya sauke rassa da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ya faskara masu kauri, ya jera su a kan duwatsu ko ƙarfe don kada gara ta hau, ya bar iska tana ratsa su, hunturu zai yi masa sauran aikin kyauta. Iskar da take tsage leɓe da dunduniya ba ta ɗaukar dogon lokaci kafin ta tsotse ruwan reshe. Kafin damina ta dawo sai a matsar da su ƙarƙashin rumfa. Ba a yi wa itace aski kwal a lokaci ɗaya, in ba haka ba bazara za ta tarar da gida babu inuwa. Gefe ake ɗauka bana, a bar ɗaya gefen sai baɗi, kuma a yanke reshe da kaifi kusa da gindinsa, kada a bar tsage da ruwa zai kwanta ya ruɓar da shi. Itacen da ya fi jure irin wannan hidima a garuruwanmu shi ne darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina, a Nijar kuma bedi. Baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. Ta Gana ta biyo a zamanin Turawa, ta isa Barno a wajajen 1928, kuma ita ce ta mayar da titunan Maiduguri masu inuwa. Tana riƙe ganyenta a tsakiyar bazara lokacin da ake matuƙar buƙatarsa, tana jure fari, kuma duk yadda aka datse ta sai ta dawo. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, inda ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan darbejiya a 1975 domin kare gero daga iska, amfanin gona ya ƙaru, daga baya kuma mutanen kwarin suka riƙa sauke kawunan itatuwan bi da bi suna samun ice da sandunan gini, layukan suna nan tsaye. Ba na cewa a cika gari da ita kaɗai. Cutar da ta kama darbejiya a yankin Tafkin Cadi da Nijar a ƙarshen shekarun 1980 gargaɗi ce ga duk wanda ya dogara da iri ɗaya, kuma darbejiya ba ta ba da abin miya ko na marmari. Gida mai ɗan fili yana iya haɗa ta da mangwaro ko tsamiya ko magarya.

Ƙorafi mafi nauyi da za a yi wa wannan magana shi ne na lafiya, kuma ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da ice da gawayi da kashin shanu take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Mai wannan ƙorafi zai ce maimakon a koya wa mutane gyara ice, a raba su da shi gaba ɗaya, a kai su ga gas. Na yarda gas ya fi tsabta, kuma duk gidan da ya samu halin komawa kansa ya yi wa matansa da 'ya'yansa alheri. Amma dole a dubi inda muke. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira, gidaje da yawa a biranen Najeriya da suka riga suka saba da tukunyar gas sun ajiye ta sun koma gawayi da ice. A karkara kuwa mafi yawan gidaje ba su taɓa barin murhu ba. Ko a gidan mai hali, ranar suna ko biki ko layya, tukunyar da za ta ciyar da mutum ɗari a kan ice ake ɗora ta. Tunda za a ci gaba da hura wuta shekaru masu yawa nan gaba, tambayar da ta rage ita ce da wane irin ice. Busasshen ice a murhu mai tsimi da ke tattara wuta a gindin tukunya, a madafa mai tagogi ko a fili, ya yi nisa ƙwarai da ɗanyen ice a kan duwatsu uku cikin ɗaki rufe, inda mafi yawan zafin yake zubewa ta gefe. Shi kuwa gawayi, wanda ake gudu zuwa gare shi don ba ya hayaƙi, a dajin ya bar hayaƙinsa: a irin ƙonawar gargajiya sai an cinye kilo biyar zuwa goma na ice kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, kuma masu yin sa ba rassa suke nema ba, gungumen kirya da kaɗanya suke kayarwa. Sannan ko ranar da kowane gida ya samu gas, tukunyar gas ba za ta sanyaya tsakar gida ba.

Wani zai ce lissafin bai fita ba, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ƙiyasin da aka fi amfani da shi a yankin Sahel shi ne mutum ɗaya yana cin wajen kilo ɗaya na ice a rana. Gida mai mutum takwas ke nan yana buƙatar kusan tan uku a shekara, kuma itace biyu ko uku a tsakar gida ba za su taɓa ba da wannan ba. Ban yi da'awar za su bayar ba. Abin da za su bayar shi ne busasshen kirare na tayar da wuta, wanda zai kori leda daga murhu, da ajiyar da za a ci a tsakiyar damina lokacin da icen kasuwa yake tsada kuma yake jiƙe, da wurin da aka saba jera ice har a iya sayen dami da yawa da rani a bar shi ya bushe. Idan aka haɗa da murhu mai tsimi, abin da ake saye zai ragu sosai. A ƙauye, inda bayan gida yake haɗe da gona, rassan gawo da kalgo da sabara suna iya ɗauke mafi yawan nauyin, su bar kara da kashin shanu su koma ƙasa su zama taki maimakon a ƙone su. Unguwa kuma ba gida ɗaya ba ce. Gida dubu da itace bibbiyu daji ne sosai, wanda ba ya buƙatar mai gadi ko albashi.

Sauran dalilan da ake kawowa na gida ne, kuma kowanne yana da amsa. Ana cewa saiwa tana fasa gini da katanga da sokawe. Wasu itatuwa suna yi, musamman dangin ceɗiya da durumi da gamji, da kuma turare mai tsananin neman ruwa; waɗannan na ƙofar gida ne da filin masallaci da makaranta. Sauran, idan aka ba su taku biyar ko shida daga bango kuma aka nisanta su da ramin bayan gida, ba su da rigima, kuma filin da ya yi ƙanƙanta yana ɗaukar zogale da gwaiba da lemun tsami. Ana cewa itace yana kawo sauro. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, a kwata da tsohuwar taya da gwangwani. Yana fakewa a duhun ganye, gaskiya ne, amma itacen da aka ɗage rassansa sama iska na wucewa ba maɓoyarsa ba ne, kuma unguwannin da ba su da ko tsiro ɗaya ba su tsira daga zazzaɓi ba. Maciji ɓera yake bi da tarkace, shi ya sa ake ɗaga ice daga ƙasa a nisanta shi da ɗakin kwana. Reshen da guguwar farkon damina take karyawa a kan kwano, galibi wanda aka ƙi saukewa ne tun da rani. Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, na cewa tsamiya da kuka matattarar iskoki ne. Ba zan yi wa kowa dariya a kan wannan ba, amma iyayen da suka gadar mana da labarin su ne suka bar tsamiyar a tsaye suna shan kununta, kuma addinin da muke bi ya lissafa dashen da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi a cikin sadaka. Rigimar maƙwabci kan reshen da ya tsallaka katanga ma tsohuwa ce. Malaman fikihun Malikiyya sun tattauna ta a babin hana cutarwa, kuma hukuncin da aka sani shi ne a datse abin da ya shiga haƙƙin wani, ba a tumɓuke itacen ba. Reshen da aka datse ɗin kuwa murhu yana jiran sa.

Na jinkirta maganar daɗin zama ne don kada a ɗauka ado nake tallatawa, amma ita ce ta fi kusa da zuciyata. A gidan Bahaushe tsakar gida ita ce ɗakin da ya fi kowane ɗaki aiki. A nan ake daka da tankaɗe da wanke-wanke da kitso, a nan yara suke rarrafe, a nan tsohuwa take kaɗi, kuma ga matan da ba sa fita sosai, nan ne duniyar yininsu. Maigida yana iya tserewa zuwa inuwar kasuwa ko majalisa ko ofis mai fanka. Wadda aka bari da siminti mai ƙuna ita ce ba a tambaya ba ranar da aka yanke shawarar sare itacen. Itace yana sanyaya wuri ta hanya biyu: yana tare rana kafin ta taɓa ƙasa da bango, sannan ganyensa yana fitar da ruwan da saiwa ta jawo, iskar da ke ƙarƙashinsa ta yi sanyi. Rumfar kwano tana yin na farko rabi-rabi, ba ta yin na biyu ko kaɗan. Shi ya sa wurin dashe yake da muhimmanci: itacen da ke yamma da ɗaki yana kare bangon daga ranar la'asar, wadda ita ce take hana barci da dare. Kuma a zaɓi mai faɗin kai, domin Hausawa sun riga sun faɗi halin inuwar giginya, na nesa ka sha. Ganyen da ake kukan shararsa, idan aka tara shi a rami ya zama takin zogale da alayyafo. Ƙasar da aka bari a buɗe a gindin itace tana shanye ruwan sama, maimakon ta tura shi lungu ya haɗu da na maƙwabta ya zama ambaliya. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yana sanin kukan kurciya da lokacin furen mangwaro, yana bambance marke da kirya kafin ya iya karatu.

Wanda ya fi wuya a ba shi amsa shi ne ɗan haya, domin ba zai rena itacen da za a iya korar sa ya bari ba, mai gidan kuma ɗaki yake son ƙarawa a duk inda ya ga fili. Wannan ita ce matsalar mallaka ɗin nan a sabuwar riga, kuma a nan ne hukuma take da aikin yi. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, kuma kowace damina ana bikin dashe a gefen titi da filayen gwamnati. Duk mai wucewa ta waɗannan wurare da rani ya san abin da awaki da ƙishirwa suke yi wa dashen da ba a damƙa wa kowa ba. Da za a karkatar da wani kaso na wannan dashe zuwa cikin gidaje, a ba matan gida irin da suka zaɓa da kansu, a kuma tabbatar musu cewa ba mai cin tararsu idan sun sauke reshe, da abin da zai rayu ya fi haka yawa, domin ruwan alwala da na wanke-wanke da ake zubarwa kullum ya ishi ƙaramin itace ya ƙetare rani biyun farko, waɗanda su ne masu wuya. Hukumomin tsara birane da suke duba taswirar gini suna iya sharɗanta a bar gurbin itace ɗaya ko biyu a kowane fili, su kuma hana a taɓa tsofaffin ɗorawa da tsamiya da suka faɗo a kan layi ko filin makaranta idan ana yanka sabuwar unguwa. Mai fili da bai fara gini ba kuwa ba ya buƙatar jiran kowa: ya sa a zana masa ɗakunan ta yadda za su kauce wa itacen da ya tarar, in kuma fako ya saya, ya dasa a watan Yuli ko Agusta lokacin da ƙasa ta jiƙu, ya kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, tun kafin a haƙa harsashi.